Doguwar Fitilar Ɗakin Baba

Da rana tsaka aka shigar da ni ɗakin, amma sai da na kunna tocila kafin na ga inda zan sa ƙafa. Sito ne aka kwashe tarkacen ciki aka sa gado. Babu taga, sai wani ɗan gilashi a saman ƙofa da ke kallon falo. A cikin duhun nan wani abu na ta ƙara, ƙas, ƙas, ƙas.

Wadda ta kira ni Auta ake ce mata, 'yar tsohon da ke kwance a gadon. A wani gari take aure, sai ƙarshen wata take zuwa. Gidan na yayanta ne, wanda duk layin ke kira Manaja.

"Injiniya, ka taimaka," in ji ta. "Wai yau kwana tara fitilar nan ba ta kamawa."

Injiniya suke ce mini, ni da ko aji huɗu ban gama ba. Amma doguwar fitila kam na san halinta.

Na haska bango ina neman makunni, ban gani ba. Auta ta ce in haska gadon. A hannun tsohon yake, irin ɗan makunnin nan na gefen gado mai doguwar waya. Shi yake ta dannawa.

"Baba, ara mini minti ɗaya," na ce.

Da ƙyar ya saki. Na buɗe na ɗora testa, ta kawo ja, wuta na zuwa ke nan. Na hau tsani na duba bakin ƙwan fitilar dama da hagu. Ƙwan da ya ƙone bakinsa baƙi yake yi, wannan kuwa fari tas. Na shinshina cok, ɗan akwatin da ke daidaita wa fitilar wuta, babu ƙauri. Sai da na kama ƙwan zan sauke shi na ji yana lilo a hannuna. Murɗa shi aka yi kaɗan, ƙafafunsa suka bar mazauninsu. Na murɗa shi ya koma. Fitila ta yi ƙif-ƙif sau biyu ta kama.

A nan na ga tsohon sosai. Dogon mutum ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Ya runtse ido saboda haske, hawaye na bin gefen kunnensa. Na mayar masa da makunnin. Ya danna ta mutu, ya danna ta kama, ya sake.

"Da ita yake kira," in ji Auta. "In ya danna, hasken na ƙiftawa a bangon falo ta gilashin nan, sai a san yana son wani abu. Ba shi da wata murya sai ita."

Manaja ya leƙo, makullin mota a hannunsa. Bai shigo ba, daga bakin ƙofa ya tsaya.

"Yauwa, Injiniya. Me ya same ta?"

"Murɗa ƙwan aka yi, ranka ya daɗe."

"Manyan motocin nan ne. In sun wuce duk gidan girgiza yake."

"Shekara ashirin ina hawa tsani, ban taɓa ganin motar da ta iya murɗa ƙwai ba."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Kai Injiniya, ba ka da dama!" Ya juya ya fita. Auta ta sunkuya tana gyara wa ubanta matashi.

Bayan sati biyu ta kira ni a waya. Ta ce ta tambayi gida an ce lafiya lau, amma hankalinta ya ƙi kwanciya, don Allah in leƙa.

Da la'asar na je. Matar Manaja ce ta buɗe mini, jan biro a hannunta. Koyarwa take a makaranta, Malama kowa ke ce mata.

"Ah, Injiniya! Kamar ka sani, yau nake cewa a kira ka."

"Tun yaushe ta mutu?"

"Jiya-jiyan nan. Ko shekaranjiya."

Kafin in kai ƙofar sito wari ya tare ni. Ƙarar nan tana nan, amma ta rage sauri. Ƙas. A jima. Ƙas.

Na hau tsani. Ƙwai na zaune daram wannan karon. Na laluba gefen ƙarfen da ke riƙe da ƙwan, inda sitata take. Sitata wani ɗan gwangwani ne kamar babban yatsa, ita ke tada fitilar, in babu ita ko ƙwan sabo ne fil ba zai kama ba. Yatsana ya faɗa rami. Babu ita.

"Malama, ina sitatar?"

Tana tsaye a baranda, ta toshe hanci da gefen mayafi. "Mece ce kuma sitata? Ƙila ɓeraye ne, sun dame mu a silin nan."

"Ɓeran da zai danna sitata ya murɗa ta hagu ya zare, ku haɗa ni da shi, ina neman abokin aiki."

Na ciro sabuwa a aljihu na sa. Haske ya zo, na kuwa yi da-na-sanin ganin abin da na gani. Zanen gadon ya jiƙe ya bushe, ya sake jiƙewa ya bushe, duk ya yi zobe-zobe. Leɓen tsohon ya tsage. Fatar babban yatsansa ta saɓule wurin dannawa. Ga kofin ruwa cike a kan kujera, amma a gefen dama aka ajiye shi, gefen da ya mutu.

Na ɗaga kansa na ba shi. Ya shanye, yana bin kofin da ido.

"Kar ka ƙara masa," in ji Malama. "Ni ce mai wankin."

Na juyo na kalle ta. Sai ta sauke mayafin daga hanci, magana ta ɓalle mata.

"Kalle ni da kyau, Injiniya. Ka san sau nawa yake kira a yini? Ran nan na ƙirga, talatin da ɗaya. In dawo daga makaranta yara sittin sun gama cinye mini kai, in zauna zan sa loma ɗaya a baki, sai ƙif-ƙif a bango. In taso in zo. Baba, fo? A'a. Ruwa? A'a. To mene ne? Sai ya tsaya yana kallona. Masu uban suna ina? Ɗaya na ofis, ɗaya na waya. Ni da ba jinina ba, ni aka bar wa."

Ban ce ƙarya take ba. Amma Malama gajeruwa ce, ko ta hau kujera hannunta ba zai kai ƙarfen nan ba. Mutum ɗaya ne mai wannan tsawon a gidan, mijinta.

Zan fita tsohon ya cafke hannun rigata. Ya sake ni ya bubbuga ƙugunsa, ya sake kama ni. Sau uku yana yi kafin na gane. Na sa hannu biyu na juya shi. Bayansa ya yi ja, a ƙugun kuwa gyambo ne ya buɗe kamar bakin kofi. Da na kwantar da shi ta ɗaya gefen ya saki wani dogon numfashi.

"Malama, ga abin da yake kira. Juya shi yake so a yi."

"Ni mace ce, kuma surukina ne. Ta ina zan fara ɗaga shi? Sai Abban yara ya dawo."

"Yaushe yake dawowa?"

"In ya dawo ai ya gaji."

Na kira Auta na faɗa mata duk abin da na gani, ban rage komai ba. Ta yi kuka a waya, ta ce za ta yi wa Yaya magana.

Ƙarshen wata ta zo, ran Asabar da hantsi ta aiko a kira ni. Na tarar da su su uku a falo, an share ko'ina, ɗakin tsohon na ƙamshin sabulu, fitila na ci.

"Ni abin ya ɗaure mini kai," in ji Auta. "Tun da na zo lafiyarta ƙalau. Amma Baba sai nuna mini makunnin yake yana kuka. Ko tana ba shi shokin ne?"

"Na faɗa miki kansa ne ya fara juyewa," in ji Manaja daga kan kujera, idonsa a talabijin. "Ke dai ba kya jin magana. Bari Injiniya ya duba ki huta."

Na shiga. Tsohon ya rame, wuyansa ya zama kamar na kaza. Ya ga ni sai ya ɗaga makunnin yana girgiza shi. Na karɓa na gwada, ta mutu, ta kama. Na buɗe shi, babu wayar da ta kwance. Sitata tana nan, wadda na sa ce. Ƙwai daram, cok lafiya. Na tsaya a kan tsani ina sosa ƙeya. In aka ce maka fitila ba ta aiki kuma ka tarar tana aiki, to ba a wurin ciwon yake ba, sai ka bi waya.

Na bi wayar da ido daga ƙarfen zuwa ɗan akwatin haɗi da ke kusurwa. Wayoyin gidan duk sun yi ruwan ƙasa don tsufa. A cikinsu ga wata fara sol, sabuwa, an kafe ta da ƙusoshi a jere. Aikin mai gyara ne, kuma wanda ya iya. Ta fita ta saman ƙofa, ta bi baranda, ta shiga falo, ta sauka a bayan labulen taga.

Na ɗaga labulen. Sabon makunni.

Na sa yatsa na danna. Hasken gilashin saman ƙofa ya ɗauke. Daga cikin sito muka fara ji, mu duka huɗu, ƙas, ƙas, ƙas.

"Yaya," in ji Auta, "mene ne wannan?"

Manaja ya kashe talabijin ya ajiye rimot a hankali.

"Makunni ne. Ni na sa aka sa. Likita ya ce ya riƙa samun barci."

"Barci yini guda?" na ce. "In an kashe wannan, nasa ya zama abin wasa. Ko ya danna sau dubu babu abin da zai faru."

"Malam, da kai ake? Aikinka waya, ka tsaya a waya." Ya juya kan ƙanwarsa. "Ke kin san abin da muke gani? Baƙi na zaune a falon nan, abokan aikina, bango na ta walƙiya kamar gidan rawa. A ce mene ne, in ce me? Matata hawan jini ya kama ta. Yara ba sa iya karatu. Ana kunna masa da safe in za a ba shi abinci, ana kunna masa da yamma. Wa ya rage shi da wani abu? Ci ne bai ci ba, ko magani ne ban saya ba?"

"Amma Yaya, bayansa..."

"Bayansa! Ke da kike zuwa da jakar hannu ki kwana biyu ki tafi, ke ce mai tausayi, mu ne azzalumai. To ga shi nan. Ubanki ne kamar yadda yake ubana. Ga mota a waje, yanzu in sa miki shi a baya, ku tafi."

Malama na kallon farcenta. A sito ƙarar ba ta tsaya ba.

"Ka san ɗaki ɗaya muke," in ji Auta can ƙasa-ƙasa.

"To, ashe kin sani."

Ya tashi ya shige ciki, matarsa ta bi shi. Auta ta matso kusa da ni tana goge ido.

"Injiniya, don Allah ka bar maganar nan haka. In na matsa zai ce in ɗauke shi, ni kuma ba ni da inda zan kai shi. Mijina ba zai yarda ba. Yaya na ƙoƙari, wallahi yana ƙoƙari."

Ta bi su ciki ba da haƙuri. Ita ce ke ba da haƙurin.

Aka bar ni ni kaɗai a falo da labule a hannu. Ban yi dogon tunani ba. Na kwance murfin makunnin, na zare wayoyin biyu na haɗe su a kan ƙusa ɗaya na ɗaure, na mayar da murfi. Daga waje yana nan yadda yake, a danna shi sama ko ƙasa, wuta na wucewa abinta. Na shiga sito na juya tsohon, na dawo da kofinsa hagu, na sunkuya a kunnensa.

"Baba, na haɗe ta. Ko sun kashe na waje, naka zai yi aiki."

Ya matse mini yatsu da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

Na fita ina jin na yi abin kirki. Wauta ce. Na gyara wa mutum murya, ban tambayi kaina wa zai amsa ba.

Bayan kwana huɗu Manaja da kansa ya tsaya da mota a ƙofar shagona, da rana, lokacin cin abincin ofis. Ko gaisuwa babu.

"Ɗauko tsaninka. Fitilar nan ta lalace."

A falo na tarar da Malama ta dawo, tana cin abinci. Sama da kanta bango na haske yana ɗaukewa, yana haske yana ɗaukewa. Ba ta ɗaga kai ba.

"Ka gani da idonka," in ji Manaja. "Haka take yi tun ranar da ka taɓa ta. Ƙifce-ƙifce kawai. Ai ko ni da ba mai gyara ba na san in doguwar fitila ta fara haka ta gama yawo."

"Wadda ta lalace ba haka take ƙiftawa ba. Wannan kira ake."

"Ban tambaye ka ba. Ka cire ta gaba ɗaya, da ƙarfen da wayar gadon. Za a sa wata daga baya."

Na wuce shi na shiga sito. Tsohon na kwance yadda na bar shi ran Asabar, a gefen da na kwantar da shi. Kwana huɗu. Yatsan ya daina aiki, da tafin hannu yake danna makunnin a jikin ƙarfen gado. Da ya ga ni ya tsaya. Na ɗaga shi zan juya, ya zo mini sakayau kamar buhun da aka zazzage. Ɗaya ƙugun ma ya buɗe. Na rasa gefen da zan kwantar da shi, na tsaya riƙe da shi a hannu ina dube-dube, kamar akwai wani gefe na uku.

Na fito na naɗe tsanina.

"Ba zan cire ba."

"Ba za ka cire ba?"

"Ni gyara na koya. Mai lafiya ba na sauke ta. Asibiti mutumin nan yake so, yau ba gobe ba."

"Kai ne za ka koya mini riƙon uba? Masu gyara sun ƙare ne a garin nan?" Ya buɗe mini ƙofa da kansa. "Kar in sake ganin ƙafarka a gidan nan."

Na kira Auta daga bakin titi. Ta ce za ta kira Yaya. Na samu maƙwabcinsu, wani dattijo mai shagon ɗinki, na faɗa masa. Ya ce subhanallahi, ya ce amma sha'anin gidan mutum sai a hankali, ya ci gaba da taka kekensa.

Bayan kwana uku na biyo ta layin da safe. A jikin durom ɗin shara na ƙofar gidan ga dogon ƙwai a jingine. Ƙarfen na cikin durom, an naɗe wayar gadon an ɗaure a jikinsa, aiki tsaf.

Na ƙwanƙwasa. Malama ta amsa daga ciki, ba ta buɗe ba.

"Baba fa?"

"Barci yake. Kwana biyun nan ya samu natsuwa sosai, ko motsinsa ba ka ji."

Na sake kiran Auta. Ta ce ai Yaya ya yi mata bayani, tsohuwar fitilar ce ta mutu, za a sa irin ta zamani, ana jira a kawo. Ta ce in daina damuwa, ta gode, Allah ya saka da alheri. Ta kashe kafin in yi magana.

Kowa a gidan nan yana da dalilinsa, kuma in ka zauna da shi ɗaya-ɗaya sai ka ce da gaskiyarsa. Mai ofis ya gaji, mai makaranta ta gaji, mai waya ɗakinta ɗaya. Babu wanda ya doke shi, babu wanda ya zage shi, ana ba shi abinci, ana saya masa magani. In ya mutu za su yi kuka, mutane su cika falon nan su ce ɗa ya riƙe ubansa har ƙarshe. Yau da rana tsaka, ina rubuta wannan, mutumin na kwance a bayan ƙofar can cikin duhu, a kan ƙugun da ya buɗe, hannun hagunsa babu komai a ciki.

Na ɗauko ƙwan daga shara na kawo shago. Na goge shi na ɗora a kan ƙarfen gwaji, na danna. Ko ƙiftawa bai yi ba, tashi ɗaya ya kama.